Amare da iyayen amare, a rabu da kotizon

Da zarar an sa ranar biki, a Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno a Sudan, sai a fara gyaran amarya. Dilka da dukhan al'ada ce, ba su nake magana a kai ba. Abin da ke kawo mana 'yan mata asibiti da fuska a kumbure, ƙuraje sun feso, nankarwa ta tsattsage cinya da hammata, shi ne kotizon: ƙwayar najma da ake sha don ƙiba, da haɗin man da ake aunawa a shaguna, wanda ake kira gadar zurufak.

Iyayena mata, kotizon homon ne, wato sinadarin da ke daidaita aikin jiki. Jiki na yin nasa daidai buƙata a wani ƙululu da ke saman ƙoda. Najma kuwa Dexamethasone ce, nau'in kotizon, maganin cuta mai tsanani. Cikar da take sawa, ruwa ne da kitse da ke taruwa a kumatu, ciki da ƙeya, ƙafafu kuma su sirance, suga da hawan jini su biyo baya. Dermovate, man kotizon mai ƙarfi da ake zubawa a haɗin, ba a yi shi don fuska ba. Yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a haɓa, makero ya bazu. Nankarwarsa ba ta gogewa. Wannan ne kyan da kuke saya wa 'yarku?

Na san ba mugunta ba ce. Yarinya ta ga ƙuraje, hankalinta ya tashi. To ƙurajen balaga da na gab da al'ada aikin homon ne da ke ƙara wa fata maiƙo. Duhun kumatu da goshi na mai ciki ma haka, yakan dushe bayan haihuwa, rana ce ke ƙara shi. Amma in ƙuraje sun haɗu da rikicewar al'ada da gashin haɓa, ko wuya ya yi baƙi ya yi kauri, a je a duba ƙwan mahaifa da suga. Ba datti ba ne, a daina dirza.

A wanke fuska sau 2 a rana da sabulu marar ƙarfi, kar a matse ƙurji. A nemi Benzoyl peroxide mai kashi 5 cikin 100 a saidaliyya (kantin magani), a shafa kaɗan da dare, a ba shi mako 6 zuwa 8. Mai ciki ta tambayi likita tukuna.

Wadda ta sha najma sama da mako 3, don Allah kar ta yanke rana ɗaya. Jikinta ya rage yin nasa kotizon, jini na iya faɗuwa ta suma, har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Ki zo da kwalin ko robar haɗin mu ga abin da ke ciki, ba mai yi miki faɗa.