Inna, wanka sai gobe

Da zarar jariri ya yi kukan farko a ɗakin haihuwa, sai kaka ta miƙo hannu: "Ba ni shi in wanke, dubi farin maiƙon nan." Nakan ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, wanka sai gobe." Maiƙon ba dauɗa ba ne, fatarsa yake karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a jinkirta wanka awa 24.

Mu ma'aikatan ɗakin haihuwa mukan tsane jaririn da busasshen zane mai tsabta, mu kifa shi tsirara a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe don hanci ya samu iska. Mu sa masa hula, mu lulluɓe su da wani zanen. Awa guda cur ba a ɗaga shi. Awon nauyi ya jira.

Sanyi muke gudu. Yaro ya fito daga ɗumin ciki a jiƙe, bai iya riƙe zafin jikinsa ba tukuna. Kun san hunturun Damagaram da asubar Janairu, har babba haƙoransa na kaɗawa, balle ɗan minti biyar a duniya. Ko da bazara ma yakan kamu. In zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 36.5, sai sukarin jininsa ya ragu, ya yi laƙwas, ya ƙi kama nono.

In kuwa aka bar shi, ku zuba ido: zai huta, ya lashi hannunsa, ya riƙa tura ƙafa yana laluben nono da baki har ya kama. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Tsotson kuma na sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu.

Maigida yakan tambaye ni, to kiran salla fa? Malam, sunkuya ka yi masa a kunne yana nan kwance, ba abin da ya hana.

Bakwaini da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, nasu goyon ƙirjin na dare da rana ne; a asibitin Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978. In uwar ta gaji, uba ko goggo su karɓa. In kuka ga numfashinsa na sarƙewa ko ya daina tsotso, ku kawo shi asibiti nan take, yana ƙirji.