Abincin Gida Mai Araha na Amurkawa: Wanne Ne Na Asali?

Wane abinci ake magana a kai? Ba dai baga, wato burodi da nama a tsakiya, da soyayyen dankali ba?

A'a, waɗannan na kanti ne da gidajen cin abinci. Wanda ake nufi shi ne abin da uwa ke ɗorawa a gida ranar da aljihu ya yi sanyi ko gari ya yi hunturu: makaroni da cuku, gasasshen burodin masara, miyar niƙaƙƙen nama da barkono da suke kira cili, curin niƙaƙƙen nama da ake gasawa kamar burodi, shinkafa da wake. Abinci ne mai nauyi, mai riƙe ciki, kuma kusan dukansa an ƙirƙire shi ne don kaɗan ya ishi mutane da yawa. Curin naman nan, alal misali, ana cuɗa shi da ɓarɓashin burodi da ƙwai da albasa domin rabin kilo ya ciyar da gida guda. Ya samu karɓuwa sosai a lokacin karyewar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929.

To makaroni da cuku na kwali, shi ma a ce na asali ne?

A nan ne musu ya fi zafi, kuma ni ina bayan kwalin, ko da ba shi ne ya fi daɗi ba. Tarihin abincin kansa ya nuna ba tushe ɗaya gare shi ba. Daga Turai ya zo. James Hemings, bawan Thomas Jefferson, ya koyi girki a Faris a shekarun 1780, kuma a 1802 an ci gasasshen makaroni a teburin Jefferson yana shugaban ƙasa. A 1824 Mary Randolph ta jihar Bajiniya ta sa shi a littafinta na girki. A wancan zamani abincin masu hali ne, don taliya da cuku ba su da araha.

Abin da ya sauko da shi gidan talaka shi ne kamfanin Kraft, wanda a 1937 ya fito da kwalin makaroni da garin cuku a kan santi 19, ya ce zai ishi mutum huɗu. Miliyoyin Amurkawa da wannan suka tashi. Idan ka ce musu ba na asali ba ne, ai ka soke musu ƙuruciya.

Amma je gidan baƙar fata a kudancin ƙasar ranar biki ka kawo na kwali, ka ga kallo. A can gasa shi ake yi, da cuku iri biyu ko uku, da madarar gwangwani, sau da yawa har da ƙwai, ya fito a daskare ana yanka shi gunduwa-gunduwa, samansa ya yi ja. Ba kowa ake bai wa aikin ba ma. Akwai gwaggo ɗaya da kowa ya yarda da hannunta. Duka biyun na Amurka ne, kowanne da gidan da ya fito.

Me ya sa suke faɗa a kan sukari a burodin masara?

Mutanen arewacin ƙasar suna son shi da zaƙi da fulawa, ya yi laushi. Da yawa daga 'yan kudu kuwa suna cewa da zarar ka zuba sukari, kek ka yi. Ɗaya daga bayanan da masu binciken tarihin abinci ke bayarwa shi ne sauyin injin niƙa a farkon ƙarni na 20: dutsen niƙa yana barin ɗanɗanon masara, injinan ƙarfe kuwa suna fitar da gari mai laushi maras armashi, sai masu girki suka shiga cike giɓi da sukari da fulawa. Masarar kanta da dabarar gasa ta daga mutanen asalin nahiyar aka koya, tun kafin a san kudu da arewa.

Cili fa, da wake ko ba wake?

A Teksas, inda aka ayyana shi abincin jiha a 1977, masu ra'ayin riƙau sun ce nama ne da busasshen jan barkono da kayan ƙamshin da ake kira kumin, ba wake, wasu ma ba tumatir. Matan Meziko-Amurka da ke sayar da shi a dandalin San Antoniyo tun ƙarni na 19 su suka fito da sunansa. Sai ga Sinsinati a jihar Ohayo, inda 'yan'uwa biyu 'yan ci-rani daga Masidoniya suka fara sayar da nasu a 1922, da kirfa a ciki, a zuba kan taliya, a tula cuku. Ɗan Teksas yana ganinsa zai ce a'uzu billahi. Sauran ƙasar kuwa wake suke zubawa hankali kwance, saboda wake ya fi nama araha.

Akwai wanda ya haɗa mu da su?

Akwai. Hoppin' John, shinkafa da wake da ake ci ranar sabuwar shekara a Karolina ta Kudu da maƙwabtanta, waken nan namu ne na Afirka ta Yamma, bayi aka kwasa suka je da shi tare da sanin noman shinkafa. Kuɓewar da ke cikin miyar gumbo ta Luwiziyana ma daga Afirka ta tafi. Wanda ya iya garau-garau ya yi rabin aikin, abin da ya rage kawai a dafa waken a romon nama mai hayaƙi da albasa.

Da yawansu akwai alade. Idan na cire, na ɓata?

Ba ka ɓata ba. Aikin naman alade a waɗannan girke-girke uku ne: kitse, gishiri, ƙamshin hayaƙi. Amurkawa da yawa, Musulmi da masu gudun kitse, sun daɗe suna sa kyafaffen talo-talo a madadinsa. Kyafaffiyar kaza ko naman banda za su yi. A burodin masara kuma man shanu ko man gyaɗa sun wadatar.

Wanne zan fara gwadawa ba tare da na kashe kuɗi ba?

Burodin masara. Garin masara mai ɗan tsaki-tsaki kofi biyu, ƙwai ɗaya, gishiri, bekin foda, da nono mai tsami wajen kofi ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da tsamammiyar madarar da suke amfani da ita. Sirrin yana ga kaskon ƙarfe: a ɗora shi ya yi zafi jau da mai a ciki, yadda ƙullun na sauka za ka ji cuuu, gefensa ya fara soyuwa nan take. Wannan ɓawon shi ake nema. A gasa kimanin minti 20.

Makaroni da cuku ya fi tsada a wajenmu tunda cukun shigo da shi ake yi, kuma cukun gida ko awara ba sa narkewa, don haka ba za su maye gurbi ba. Idan ka samu na kanti, narka man shanu cokali biyu, juya fulawa cokali biyu a ciki, zuba madara kofi biyu a hankali har ta yi kauri. Sauke tukunyar kafin ka zuba gurzajjen cukun, sannan ka haɗa da dafaffen makaroni. In ya tafasa a wuta sai ya tsinke, mai ya taso sama, ƙasa ta yi dusa-dusa.