Ma'anar «fonti duktil», ƙarfen da ke kawo wa Yamai ruwa

Duk wanda ya taɓa ratsa wurin da ake babban aikin ruwa a Yamai ya gan su: manyan bututai a jere bakin rami, baƙaƙe ko shuɗɗa, kowane da baki ɗaya mai faɗi kamar na tulu. In ka tambayi ma'aikatan sai su ce maka fonti ne. A takardun kwangila kuwa ana rubuta fonte ductile da Faransanci. Kalmomi biyu ne, kuma ta biyun ce ke ɗauke da labarin.

Fonti shi ne ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba a mazubi, ba wanda maƙeri ke bugawa a kan uwar maƙera ba. Mun daɗe da saninsa ko da ba mu san sunansa ba: da shi aka yi ƙafafun tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Yana da ƙarfi, yana da nauyi, amma halinsa na tukunyar ƙasa ne. In ya faɗi da ƙarfi ba ya lotsewa, tsagewa yake yi. Duktil kuwa na nufin abin da ke miƙewa ko ya lanƙwasa kafin ya karye. Ke nan fonti duktil ƙarfen zubi ne da aka raba shi da wannan hali na tukunya.

Me ke sa tsohon fonti tsagewa? A cikinsa akwai sinadarin gawayi, wato karbon, galibi wajen kashi 3 cikin 100. Idan ƙarfen ya huce, wannan gawayi yakan taru ya zama girafit, irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, a siffar ɓaraguzai siraɗa masu tsini. Ka tuna mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Ba ya yanka yadin duka da almakashi, ɗan tsagawa kawai yake yi a gefe, ya ja, sai yadin ya kece har ƙarshe. Kowane tsinin girafit irin wannan ɗan tsagi ne, kuma ba su ƙirguwa a cikin ƙarfen, duk suna jiran a ja.

A shekarar 1943 wani masanin ƙarafa a Amurka, Keith Millis, ya gano cewa in aka jefa ɗan magneziyam a cikin narkakken ƙarfen, girafit ɗin sai ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwallaye. Abin da ke saura na magneziyam a ƙarfen bai kai kashi 1 cikin 1000 ba, amma ya isa. Dunƙulallen abu ba shi da tsinin da tsagewa za ta kama. An ba da takardar mallakar wannan fasaha a 1949, bututan suka shiga kasuwa a 1955, sannu a hankali suka ture tsohon fonti daga aikin ruwa. Shi ma tsohon ba abin rainawa ba ne, tun 1664 aka shimfiɗa bututansa a fadar Versailles ta Faransa. Sabon ya gaji tsawon ran tsohon, ya ƙara da juriya. Ƙa'idar inganci ta duniya, ISO 2531, da takwararta ta Turai EN 545, sun ce dole ƙarfen bututun ya jure ja na megapaskal 420 (ma'aunin ƙarfin ja ne), kuma a yawancin girma ya miƙe da kashi 10 cikin 100 kafin ya tsinke.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji kawai ba ne a wurinmu. Ruwan Yamai daga kogi ake janyo shi, a tace a Gudel da Yantala, a tura shi da injuna zuwa shato-shato, wato manyan tankunan ruwa na sama, na unguwanni. Bututun da ke wannan tafiya yana shan matsi daga ciki, musamman in wuta ta ɗauke injuna suka tsaya farat ɗaya, ruwa ya dawo ya daki bango. Daga sama ga tireloli. Daga ƙasa ga damina da ke zaizaye rairayi ta bar shi a rataye. A irin wannan hali ne bambancin mai lotsewa da mai tsagewa ke bayyana.

Yadda ake yin sa ma abin kallo ne: ana zuba ƙarfen a cikin dogon mazubi mai juyawa da sauri, juyin ya manna shi a bango. Tsawonsa yawanci mita 6 ne. Haruffan DN da lambar da ake gani a jikinsa faɗin bakin suke nufi a milimita, C25 ko C40 kuma matsin da zai ɗauka.

Sai dai ƙarfe ne, kuma maƙiyin ƙarfe tsatsa ce. Shi ya sa ba a binne shi tsirara. A ciki ana shafe shi da siminti, don kada ruwa ya taɓa ƙarfen ya fito ja. A waje ana fesa tutiya, ko tutiya haɗe da alminiyom, sannan fenti. Inda ƙasa ke da gishiri ko kanwa, akan ƙara masa rigar leda. Wurin haɗi kuma zoben roba ne ake sakawa a cikin faffaɗan bakin, a tura siririn bakin ɗan'uwansa, su kama. Wannan haɗi na barin bututun ya ɗan karkata, ya bi motsin ƙasa ba tare da yoyo ba.

Bututun ruwan ƙazanta daban yake, da tasa ƙa'idar, EN 598. Ƙazanta na fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan rikiɗa ta zama asid ta ci siminti na yau da kullum, don haka ake shafa masa wani siminti mai yawan alumina, kuma galibi fentinsa ja ne. A Yamai yawancin gidaje da ramin shadda da motar kwashe-kwashe suke aiki, saboda haka shi ba a cika ganinsa ba tukuna.

Tsada kam yana da ita. Ga nauyi, ga nisan hanya daga tashar jiragen ruwa har zuwa nan. Don haka ƙananan layukan cikin unguwa na roba ne, PVC ko baƙin tiyo, kuma hakan daidai ne. Fonti na manyan jijiyoyi ne, waɗanda in ɗaya ta fashe unguwanni da yawa ke kwana suna bin ƴan garuwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wani lokaci ake wulaƙanta shi kafin a binne. Na taɓa tsayawa ina kallon ana sauke irin waɗannan bututai da sarƙa tsirara, tana kankare fentin, ana jefa su ƙasa don an san ba za su fashe ba. Gaskiya ne ba za su fashe ba, amma simintin ciki yana tsagewa, kuma duk inda rigar ta ɓare nan tsatsa za ta fara. Zobban roba kuwa a zube cikin ranar watan Afrilu, bakunan bututai a buɗe, leda da awaki na shiga. Na ce wa wani dattijo cikin ma'aikatan: «Baba, wannan ruwan da za mu sha ne fa zai bi ta nan.» Bai ce komai ba, ya je ya tattara zobban ya kai inuwa.

Kamfanin SPEN, mai mallakar kayan ruwan birane, da NDE mai raba ruwan, su ne za su rayu da waɗannan bututai shekaru da dama, mu kuma mu biya kuɗin bashin da aka sayo su. Rana ɗaya tak ake da damar duba su: ranar da suke kwance a rami, kafin a mayar da ƙasa. A ranar ne ake ganin ko an share duwatsu an shimfiɗa rairayi a ƙarƙashi, ko an zuba kankare a bayan kowace kwana don matsi kada ya zare haɗin, ko an gwada layin da matsi an wanke shi da kulorin kafin a buɗe wa jama'a.