Gajiyar Masu Kula da Mutane: Ana Iya Auna Ta?

Idan aka ce mana "Ina gajiya?" sai mu ce "Ba gajiya." Nas ɗin da ta kwana a tsaye a asibiti a Idi-Araba da ke Legas, sannan ta sha cunkoson hanya kafin ta isa gida Agege, ita ma haka za ta amsa. Gaisuwa ba ta fito da abin da ke cinta, shi ya sa masana suka tsara ma'auni.

Wace gajiya ake nufi?

Iri biyu ce. Ta farko tana taruwa ne sannu a hankali saboda nauyin aiki, har mutum ya wayi gari ba ya ɗokin sana'arsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Ta biyu ita ce gajiyar tausayi, wadda Charles Figley ya yi fice wajen nazarinta. Tushenta ganin wahalar wasu. Ungozomar da mai naƙuda ta rasu a hannunta kan kasa barci, fuskar matar tana yi mata gizo, daga baya ta fara jin zuciyarta ta bushe.

Da me ake aunawa?

Da takardar tambayoyi da mutum ke cikewa da kansa. Mafi shahara ita ce MBI (Maslach Burnout Inventory), mai auna gajiya irin ta farko, wadda Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981. Jimloli 22 ne, suna duba ƙarewar kuzari, da yi wa majinyata kallon kaya, da jin ko aikinka na da amfani. Sai wata takardar mai suna ProQOL ta Beth Hudnall Stamm, wadda ke auna gajiya iri biyun, mai tambayoyi 30 kan kwana 30 da suka wuce. Na fi son wannan, domin tana auna daɗin da mutum ke ji idan ya taimaki wani, kuma kyauta ce, alhali MBI sai an biya.

Maki mai yawa na nufin ba ni da lafiya?

A'a, alama ce kawai. Amma idan barci ya ƙaurace, ko baƙin ciki ya ƙi tafiya, a ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, Legas.

Wannan ba ƙarancin haƙuri ba ne?

Sam. Sau da yawa mai yawan tausayin ne take kamawa. Kuma yanzu da ma'aikatan lafiya ke ta ficewa ƙasashen waje, waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikin waɗanda suka tafi.

Wa ya kamata ya ga sakamakon?

A cika takardar ba tare da suna ba, a tattara na sashe guda. Idan makin masu aiki a ɗakin agajin gaggawa ya yi sama, shugabanni su duba jadawalin aikin dare, da hutu, da yawan ma'aikata. In aka sa suna, kowa zai ji tsoron a ce ya gaza, ya rubuta cewa lafiya lau yake.