Wa ke yanke yadda za a gabatar da mutum a Wikipedia?

In ka nemi sunan wani sananne a Google, sau da yawa abin da za ka fara gani layi biyu ne da aka ɗebo daga Wikipedia, kundin bayanai na intanet da kowa ke iya gyarawa: wane ne shi, ɗan ina ne, me ya yi. Yawancin masu karatu daga nan suke tsayawa. Shi ya sa editocin shafin, waɗanda 'yan sa-kai ne ba albashi ake biyansu ba, kan shafe watanni suna ja-in-ja a kan kalma ɗaya tak.

A kan me aka fi yin rigimar?

A kan ƙasa da asali. Nikola Tesla, masanin lantarki, an haife shi a 1856 a ƙauyen Smiljan. A lokacin ƙauyen yana ƙarƙashin Daular Ostiriya, yau kuma yana cikin Kuroshiya. Iyayensa Sabiyawa ne, shi kuwa ya zama ɗan Amurka a 1891. To ɗan ina za a kira shi? Muƙalar Ingilishi ta tsaya a kan Basabiye ɗan Amurka, amma gardamar ta yi yawan da sai da aka ware mata shafin tattaunawa nata na daban, don masu son gyara sauran muƙalar su samu sararin aiki.

Na Nicolaus Copernicus, masanin taurari, ya fi wannan ɗaure kai. An haife shi a Torun a 1473, ƙarƙashin sarkin Poland, yana jin Jamusanci, ya yi rubutunsa da Latin. Mutanen Poland da Jamusawa kowa ya ce nasa ne, har aka bar jimlar farko ba tare da an jingina shi ga wata ƙasa ba. Haka ake ja a kan Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa, wanda aka haifa kusa da Bukhara a ƙasar Uzbekistan ta yau, Bafarishe ne, amma manyan littattafansa da Larabci ya rubuta su.

Tushen matsalar shi ne iyakokin yau ba su san mutanen jiya ba. Mu ma muna da misalinta a gida. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, cikin ƙasar Gobir, a yankin da yau yake Nijar, ya rasu a Sakkwato a 1817. Nijeriya kuwa sai a 1914 aka haɗe ta. Wanda ya kira Shehu ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ya ɗora masa rigar da ba a ɗinka ba tukuna a zamaninsa.

Kalmomi irin su "ɗan ta'adda" ko "ɗan kama-karya" fa?

Ƙa'idar rubutu ta Wikipedia ta Ingilishi ta sa irin waɗannan cikin kalmomin da ake taka-tsantsan da su. Ba a son shafin ya faɗe su da bakinsa sai in majiyoyi masu inganci da yawa sun yi amfani da su, kuma ko a nan an fi so a ce wane ne ya faɗa. Akwai hujja mai ƙarfi: sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, shekara 15 bayan ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Wanda ya rubuta cewa gwamnati kaza ta ayyana shi haka a shekara kaza ya faɗi gaskiya. Wanda ya rubuta cewa haka yake ya ɗauki ɓangare.

Akwai kuma tambayar wuri. Ɗan siyasar da kotu ta taɓa ɗaurewa, a jimlar farko za a faɗa ko can ƙasa? Duka ɓangarorin sun yarda abin ya faru. Nauyin da za a ba shi ne ake faɗa a kai.

Me ya sa aka fi tsanantawa in mutumin yana raye?

Saboda abin da ya sami John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka wanda ya yi aiki da Robert Kennedy. A watan Mayun 2005 wani da bai yi rajista ba ya rubuta cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da na ƙanensa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta. Seigenthaler ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Robert. Rubutun ya zauna kusan wata huɗu ba wanda ya lura, wasu shafukan har sun kwafa. Da Seigenthaler ya fallasa lamarin a jaridar USA Today a ƙarshen Nuwamba, wanda ya rubuta ya fito ya ce wasa yake yi da abokin aikinsa.

Bayan haka aka hana marasa rajista ƙirƙirar sabuwar muƙala a sashen Ingilishi, aka kuma kafa ƙa'ida ta musamman kan tarihin masu rai: duk maganar da za ta iya jawo ce-ce-ku-ce, in babu majiya mai ƙarfi, a goge ta nan take ba sai an jira tattaunawa ba. A ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi adalci a shafin, domin mai rai yana da iyali da abin yi, kuma ƙazafi kan iske shi tun kafin gyara ya iso.

Mutum ba zai shiga ya gyara nasa da kansa ba?

Ba a so. Ana roƙonsa ya kai kokensa shafin tattaunawa, wasu su duba. Ko Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya sha suka a 2005 da aka gano ya gyara tarihin kansa, yana cire bayanin da ya nuna Larry Sanger abokin kafa Wikipedia ne a 2001.

Labarin da ya fi nuna tsaurin abin shi ne na marubuci Philip Roth a 2012. Muƙalar wani littafinsa ta ambaci mutumin da wasu masu sharhi suke ganin a kansa ya gina tauraron labarin. Roth ya ce ba shi ba ne, wani abokinsa ne. Aka amsa masa cewa an yarda marubuci ya fi kowa sanin aikinsa, amma ana buƙatar majiyar da aka wallafa. Sai ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker, wasiƙar ta zama majiya, aka gyara. Mutane da dama sun ga baiken wannan, ni kuwa na fahimci dalilin editocin. Ba su da hanyar tabbatar da wanda ke magana a bayan allo, kuma in aka buɗe wannan ƙofa, kowane mai kuɗi zai wanke tarihinsa. Tun 2014 ma dole duk wanda aka biya ya yi gyara ya bayyana wanda ya biya shi.

In an kasa daidaitawa, wa ke raba gardama?

Babu babban edita. Akwai dokar da ta hana mutum warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, wanda ya karya ana iya dakatar da shi. Ana iya kulle shafin, a gayyato editocin da ba sa cikin rigimar su faɗi ra'ayi, wani ya auna hujjojin, ba yawan masu magana kaɗai ba. Kwamitin sasanci shi ne matakin ƙarshe, shi ma halayyar editoci yake hukuntawa, ba ya cewa ga kalmar da za a sa.

Laƙabin girmamawa fa?

Sashen Ingilishi yana cire su daga bakin shafin, har da salatin da Musulmi ke yi bayan sunan Annabi (SAW), sai dai a cikin maganar da aka ɗauko daga wani. Bahaushen da ya taso yana ganin kiran babba da gatsal rashin tarbiyya ne zai ji wannan ya sosa masa rai. Sai dai kowane harshe yana da jama'arsa da ke tsara salonta, don haka editocin Hausa su ne za su zauna su yanke matsayin Alhaji, Malam da Mai Martaba a muƙalunsu.

Shin dogaro da abin da aka wallafa ba ya zaluntar wasu?

Yana yi. A 2018 wani ya rubuta daftarin muƙala kan Donna Strickland, masaniyar kimiyyar fiziks a Kanada, aka ƙi karɓa da hujjar majiyoyin ba su isa su nuna shahararta ba. A watan Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel, ranar ce aka buɗe mata shafi. Har yanzu mata kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na tarihin mutane a sashen Ingilishi.

In haka ta faru ga farfesa a Kanada, ka tuna malamar da ta shekara arba'in tana karantar da matan unguwa a Zariya ko Damagaram, ko mawaƙin da tarihinsa ke bakin 'yan amshinsa da tsofaffin kaset na gidan rediyo. Editan da ke son rubuta su zai nemi jarida, littafi ko kundin digiri. In bai samu ba muƙalar ba za ta tsira ba, in kuma abin da ya samu rahoton wani jami'in mulkin mallaka ne kaɗai, da idon wannan jami'in za a gabatar da mutumin. Shi ya sa hirar da ɗan jarida ya yi da tsoho ya buga, da kundin ɗalibi da jami'a ta ɗora a intanet, suke da tasiri kai tsaye a kan jimlar farkon nan.