"Oga ne ya sa ni": wannan uzurin yana fitar da soja a kotu kuwa?

Da zarar an taɓo maganar ICC, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague, sai surutu ya yi yawa. Wasu su ce ai soja ba shi da laifi tunda umarni aka ba shi, wasu kuma su tsorata iyayen ƙananan sojoji cewa duk wanda ya taɓa bin umarni a fagen daga ranarsa na zuwa. Duka biyun ba haka dokar ta ce ba fa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan batu ita ce ta Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara kwasar Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa. Jami'an Isra'ila suka sato shi daga Ajantina a 1960, aka fara shari'arsa a Kudus ranar 11 ga Afrilun 1961, yana zaune cikin keji na gilashi. Babbar kariyarsa ita ce wai shi ƙaramin ma'aikaci ne, abin da manya suka ce shi yake yi. Alƙalai uku suka yi watsi da ita, aka rataye shi a 1962. Wannan uzuri ya zama abin zolaya, ana jefa shi ga duk ma'aikacin da ya yi ɓarna ya laɓe bayan oga. Marubuciya Hannah Arendt da ta halarci zaman kuma ta ce abin tsoron shi ne mutumin bai yi kama da dodo ba, ya fi kama da akawun ofis da ya daina tunani, kuma har yau ana jayayya da ita kan haka.

To yanzu sashe na 33 na Yarjejeniyar Rome ta 1998, wadda ta kafa kotun ICC kuma Najeriya ta amince da ita a 2001, shi ke riƙe da maganar. Ya shafi kowa, soja da farar hula. Asali umarni ba ya wanke mutum, sai dai in abu uku sun haɗu lokaci ɗaya: doka ta wajabta masa bin umarnin, bai san haramtacce ba ne, sannan haramcin bai fito fili ba.

Wannan na ukun shi ke rikita mutane. Fitowa fili na nufin abin da ko wanda bai taɓa shiga ajin lauya ba zai gane ta'asa ce. An ce ka harba igwa kan wani gini, an gaya maka ma'ajiyar makamai ce, ashe akwai fararen hula ciki kuma ba ka da hanyar sani, nan lauyanka yana da abin faɗa. Amma a jera mata da yara a ce buɗe wuta, babu wani "ban sani ba". Kuma sashen ya rufe ƙofa gaba ɗaya kan kisan ƙare dangi da laifukan cin zarafin bil'adama, ya ce umarninsu haramcinsa a fili yake, don haka 'yar kafar da ta rage ta laifukan yaƙi ce. Ɗaya daga alƙalan Eichmann, Benjamin Halevi, shi ne ya taɓa yanke hukunci kan 'yan sandan iyaka na Isra'ila da suka kashe Larabawa kusan 50 a ƙauyen Kafr Ƙasim a 1956, ya ce irin wannan umarni baƙar tuta ce ke kaɗawa a kansa. Sai dai kafin ka ce kwabo an sassauta musu, duk suka fito cikin 'yan shekaru.

Masu cewa ICC za ta rataye mutum, babu hukuncin kisa a can, ɗauri ne har shekara 30, ko rai da rai in laifin ya yi muni ƙwarai. Kuma ba ta shiga sai in ƙasar ta kasa ko ta ƙi yin shari'ar da kanta. Shi ma ogan bai tsira ba, sashe na 28 na kama kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba.

Gaskiya ni abin da ke min ciwo, kurtun da ya ƙi umarni kotun soja na jiransa, in ya bi kuma wata kotun na jiransa, alhali Amurka da Rasha da Sin da ita kanta Isra'ila ko mambobin ICC ba su zama ba.