Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Auna Ruwan Damina a Legas da Arewa

Damina a Afirka ta Yamma iska ce mai danshi ke kawo ta daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana tura busasshiyar iskar Sahara arewa, ruwan kuma yana zuba ne a kudancin inda suka haɗu.

Tarihi

Da can ma'aunin ruwa na tashoshi kawai aka dogara da shi, tashoshin kuma ba su da yawa. A 1977 Turawa suka harba tauraron ɗan Adam na duba yanayi mai suna Meteosat na farko, shi kam ba ruwan yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa, in saman ya yi sanyi sosai to hadarin ya yi tsawo ke nan, sai a kintata ruwan. Babban sauyi ya zo a Nuwamba 1997 da Amurka da Japan suka harba tauraron auna ruwan sama mai suna TRMM, mai ɗauke da na'urar rada da ke hango ɗigon ruwan a cikin gajimare, kuma da yake ba a lokaci ɗaya yake ratsa wuri kullum ba, wata rana da safe wata rana tsakar dare, sai ya ba masana damar sanin a wane lokaci na yini ruwa ya fi sauka. Ya yi aiki har 2015, wani tauraron mai suna GPM da aka harba a Fabrairu 2014 ya gaje shi.

Damina biyu

Damina biyu ake yi a Legas a shekara, abin da ke ba baƙi 'yan Arewa mamaki a unguwannin Agege da Mile 12 ke nan. A Kano ruwa yana kama jiki wajen Yuni, marka a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Legas kuwa tun Afrilu an fara, Yuni ne wata mafi ruwa, sai a Agusta lokacin da Arewa ke cikin marka ita ta samu sarari, sannan ruwa ya dawo Satumba zuwa Oktoba. Hotunan tauraro sun nuna wajen ƙarshen Yuni yankin da ruwa ya fi zuba yana yin tsalle daga bakin teku zuwa arewa, ga ruwan Tekun Gini ya yi sanyi a lokacin, shi ya sa hadari ba ya iya haɗuwa sosai a bakin teku irin Legas.

Lokacin saukarsa

A kan tudu hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa magariba bayan rana ta dafa ƙasa, a kan teku kuwa da asuba zuwa hantsi. Legas tana tsakani, shi ya sa ruwan safe mai hana fita kasuwa ba baƙo ba ne a Yuni da Yuli. A Arewa manyan hadari kan taso daga tsaunuka irin na Jos da Azbin da yamma su nufi yamma, su isa wasu garuruwan cikin dare.

Saɓani

Ƙiyasin tauraro da ma'aunin ƙasa ba kullum suke daidaita ba, musamman a bakin teku. Masana ba su gama shawo kan wannan ba.